Goma Kafin Hantsi

Ƙarfe shida saura minti ashirin ya fara motsi. Na idar da sallar asuba ke nan, ina zaune a kan tabarma a ɗakin Iya, kakata. Na duba agogon hannuna, na buɗe littafi, na ja layi ɗaya. Kafin bakwai da kwata layukan sun cika goma. Na rubuta lokacin a gefe, na tura littafin ƙarƙashin matashi. Haka nake yi kowace safiya. Wannan ce safiya ta ashirin da bakwai.

Cikina wata takwas ne da 'yan kwanaki. Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe ta karatun koyarwa a Kazaure, kuma a can muke zaune da maigidana. Da aka yi hutu ya kawo ni ƙauyenmu, yamma da Gwiwa, goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Kafin mu taho, ma'aikaciyar da ke mana awo ta zaunar da mu ta koya mana ƙirga. Ta ce kowane ɗa da lokacin motsinsa, uwa ta san na nata. In ya yi shiru ba yadda ya saba ba, a sha ruwa mai sanyi, a kwanta ta gefen hagu, a ƙirga. In awa biyu ta wuce bai kai goma ba, a taho asibiti. In kuwa faɗuwa aka yi, ko aka ga jini, kada a tsaya ƙirga komai, a taho. Sauran matan gyaɗa kai suka yi. Ni na rubuta, na kuma ware littafi guda don wannan aiki.

A gidanmu ba a maganar cikin fari. Ni kaina 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke” take cewa. Baba kan ce “yarinyar nan”, idonsa na wani wuri. Ita kanta Inna da sunan mai bi mini ake kiranta, uwar Sani. A hannun Iya na tashi. Tun da na dawo ake dama mini kunu na daban, ana hana ni ɗaukar tulu, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce ga dalili. Ni ma ban ce ba. Dama ba mai magana ba ce ni. A aji ma sai an nuna ni nake amsawa, ko da na san amsar tun kafin a gama tambaya.

Iya kaɗai ta san da littafin.

“Malama, yau nawa ya ci?”

“Goma bisa goma, Iya.”

“Mu, 'ya'ya tara muka haifa ba da biro ba. Ki bar mini miji ya yi barcinsa, tun bai fito ba kin sa shi a makaranta.”

Ranar kasuwa ce. Kafin ƙarfe takwas yawancin maza sun fita, har da ƙannena biyu. An yanke gero, dawa na tsaye, ta fi mutum tsawo. Baba bai je kasuwa ba, yana gonar bayan gari yana ɗaurin dammuna. Inna na tankaɗe a tsakar gida. Iya ta shiga maƙwabta. Ni ina inuwar rumbu ina bitar darasi.

Goma da minti ashirin na ji babura. Na ɗauka 'yan kasuwa ne suka dawo da wuri. Amma 'yan kasuwa ta gabas suke dawowa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙara daga yamma take, kuma a dunƙule. Karnukan ruga suka fara haushi. Inna ta tsayar da rariya.

Goma da ashirin da huɗu aka yi harbin farko. Busasshiyar ƙara ce, kamar an taka icce ya karye. Sai suka biyo a jere. Kaji suka watse. Wata mace ta yi ihu ta wajen rijiya, ihun ya yanke a tsakiya.

“Ku kwanta! Kowa ya kwanta!”

“Ina shanun?”

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin da biro. Wayata tana nan kusa da shi a jikin caji, na bar ta. Har yau ban san yadda hannuna ya zaɓa ba.

Inna ta sa kafaɗa ta ture dangar karan da ke bayan gida. “Ke, fita.” Na sunkuya na kutsa. Bakin zanina ya maƙale a kara, na fizga, ƙafata ta goce. A nan muke ɗaure awaki. Na faɗi da cikina a kan turke, ta gefen dama. Numfashina ya ɗauke. Inna ta ciccibe ni ta hammata, ba ta tambaye ni komai ba. Muka shige dawa.

Muka yi nisa kamar tsawon gona biyu, muka kwanta. Sha ɗaya saura ashirin. Na juya ta gefen hagu, yadda aka koya mana. A nan ya yi wani motsi da bai taɓa yi ba. Ba shuri ba ne irin na safiya, fafutuka ce, kamar an jefa kifi a tudu. Na ƙirga sha huɗu cikin minti biyar. Na buɗe littafin a ƙasa na rubuta. Layukan suka karkace. Inna ta ga abin da nake yi, ta kau da kai.

Daga inda muke ba a ganin komai sai kara da sama. Kunne ne ya yi aiki. Na ji kukan shanu ana kora su, na ji sanda na sauka a bayansu. Na ji ana dukan ƙofar langa-langa. Na ji wani yana roƙo da Fulatanci, sannan da Hausa, sannan harbi biyu. Sha ɗaya da kwata warin hayaƙi ya iso mu. Wanda ya taɓa jin gero na ƙonewa a rumbu ba ya manta warin. Kamar tumu ne da aka bari a wuta, amma na gari guda.

Sha ɗaya da minti biyar ya motsa, sau ɗaya. Sha ɗaya da talatin da biyu, sau ɗaya. Sha biyu saura minti goma, sau ɗaya, a hankali, kamar mai juyi cikin barci. Na ja layin. Na bar biron a kan takarda ina jiran na gaba.

Sha biyu da minti goma ƙarar baburan ta yi yamma ta ɓace. Ba wanda ya tashi. Can muka ji kara na motsi, da murya ƙasa-ƙasa: “Uwar Sani. Uwar Sani.” Baba ne, goye da Iya. Babu hula a kansa. Ya dube mu, ya ƙirga mu da ido, ya ce kada wanda ya koma gida, ba a san ko za su dawo ba. Muka bi ƙorama muka yi gabas.

Tafiyar kusan awa guda ce. Mutane suka riƙa fitowa daga gonaki suna shiga layi, mu da mutanen ruga. Wata ta ɗauko tukunya babu murfi. Wani tsoho ya riƙo igiyar bijimi, babu bijimin. Cikina ya fara tauri. Ba irin taurin da kan zo ya saki ba, wannan ya zo ya zauna. Bayana kamar ana ɗaure shi da waya. Ina tafe tafin hannuna na ƙarƙashin hijabi, a kan wurin da ya saba shuri. Babu komai.

Ɗaya da kwata muka isa ƙauyen gaba. Suka buɗe mana makarantar firamare. Mata suka kawo ruwa da fura. Aka kwantar da masu rauni a gindin tsamiya, su biyar. Samarin garin suka fito da babura uku don kai su Gwiwa.

Ɗaya da rabi mai unguwarsu ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya. “Saura wa? Akwai mai raunin da ba a gani ba?”

Wannan wurin nake so mai karatu ya tsaya, don ni ma a nan nake tsayawa kullum. Na san amsar. Tana rubuce a shafin farko na littafin da ke hannuna: in faɗuwa aka yi, kada a tsaya ƙirga. Na buɗe baki. Baba na tsaye taku huɗu daga inda nake. Kusa da shi Kawu Audu, yayan Inna, da limaminmu, da maza baƙi da ban taɓa gani ba. Kafin in faɗi abin da ke damuna sai na ambaci ciki. Sai na ambaci ɗan fari a gaban ubana. Na dubi Inna. Ta ga faɗuwar da idonta. Kanta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Ita ma abin da ya riƙe ni shi ya riƙe ta.

“Babu,” in ji wani.

Baburan suka tashi.

Na ja Iya bayan aji na raɗa mata. Ta taɓa cikin. Ta ce tsoro ne ya sa shi lamo, kuma haka suke yi in haihuwa ta matso. An gaya mana a wurin awo cewa ba haka ba ne, ɗa ba ya daina motsi don haihuwa ta kusa. Na sani. Amma maganar Iya ta fi sauƙin ɗauka. Sai na ce wa kaina bari in bi ƙa'ida, in ba shi awa biyu. Na sha ruwan randa moɗa biyu. Na kwanta ta hagu a kan simintin aji, ƙarƙashin allo. Na rubuta a saman sabon shafi: biyu saura ashirin. Ba ƙa'ida na bi ba. Ɓuya na yi a bayanta.

Biyu. Biyu da rabi. Ina jin 'yan kasuwa na isowa a guje, kowa na kiran sunan nasa. Uku. Wata ta samu labarin mijinta, aka riƙe ta. Na danna cikin da yatsa, na yi masa magana a zuci, na karanta abin da na iya. Uku da rabi. Wani abu mai ɗumi ya ɗan zubo mini. Na duba. Ba shi da yawa, amma baƙi ne.

Huɗu saura ashirin na dubi shafin. Fari fat, sai lokacin da na rubuta a sama.

Na dafa bango na miƙe. Maza sun taru a gindin tsamiya suna alwalar la'asar. Na ratsa fili. Ban taɓa shiga taron maza ba. Na tsaya a gaban Baba, yana tsugune da buta.

“Baba, ɗan da ke cikina ya daina motsi. Na faɗi a kan turke. Ina zubar da jini. A kai ni asibiti yanzu.”

Wani ya yi gyaran murya. Kawu Audu ya ce, “Ke, wace irin magana ce wannan a nan? Koma cikin mata.”

“Ba zan koma ba, Kawu.”

Na buɗe littafin na karanta da ƙarfi, yadda ake karatu a gaban aji. “Sha ɗaya da minti biyar, ɗaya. Sha ɗaya da talatin da biyu, ɗaya. Sha biyu saura goma, ɗaya. Daga nan babu. Kwana ashirin da bakwai yana cika goma kafin hantsi. Yau awa huɗu ke nan babu ko ɗaya.”

Baba ya ajiye butar. Hannunsa ɗaya a wanke, ɗaya a bushe. Bai dube ni ba. Ya miƙe ya juya ga mutanen garin, da muryar da ban san yana da ita ba. “A kawo babur!”

Guda ɗaya ne ya dawo daga Gwiwa, kuma mansa ya ƙare. Aka zuƙo mai daga injin ban ruwa aka zuba. Huɗu da minti biyar muka tashi, mai babur a gaba, ni a tsakiya, Inna a baya. Ta zagayo da hannayenta ta riƙe ni, tafukanta biyu a kan cikin. Ban tuna ranar da ta taɓa riƙe ni haka ba. Da muka wuce gonakin farko ta kawo bakinta kusa da kunnena.

“Ya motsa?”

“A'a, Inna.”

Sau uku ta tambaya kafin Gwiwa.

Biyar saura minti goma muka isa. Ma'aikaciyar da muka samu ta ɗora ƙahon sauraro a cikina, ta matsar da shi nan, ta matsar can. Ta danna cikin ta ji taurinsa. Ba ta ce mini komai a kan ɗan ba. Ta sa mini ruwa a hannu, ta ce wa Inna, “Ku wuce Kazaure. Kada ku tsaya ko'ina.” Aka saka mu a motar da za ta kai biyu daga masu raunin. Da wayar direban na kira maigidana. Lambarsa kaɗai na haddace.

Shida da minti goma muka hango duwatsun Kazaure. Maigidana na tsaye a ƙofar asibiti, da allin ajin da yake koyarwa a hannun rigarsa. Aka shiga da ni ɗakin hoto. Sau biyu aka taɓa yi mini hoton nan, na san abin da ake nema: ɗan ɗigo mai ƙiftawa a tsakiyar allo. Na neme shi tun kafin likita ya yi magana. Ga kai, ga ƙashin baya, ga komai a wurinsa. Ɗigon ba ya ƙiftawa.

Likitan ya ce mabiyiya ce ta rabu da mahaifa, jini na taruwa a ciki, sai an yi aiki yanzu. Ya tambayi lokacin da na faɗi. Na miƙa masa littafin. Ya buɗe, ya koma baya shafi-shafi, ya kwafe lokutan a takardarsa. Ana tura ni na kama hannun maigidana na ce, “Kada a binne shi sai na gani.”

Da safe na farka. Wata dattijuwa a gadon kusa ta ce ba a nuna wa uwa, ganin yana hana mantuwa. Na ce ba mantuwa nake nema ba. Maigidana ya kawo shi a naɗe cikin farin ƙyalle. Namiji ne. Gashinsa baƙi, a kwance. Na buɗe ƙafafunsa na riƙe diddigen dama a tafin hannuna. Na daɗe da sanin diddigen nan ta ciki. Inna na tsaye a bakin gado. Ta duba, ba ta kau da kai ba. Ƙarfe tara suka tafi da shi.

Da likitan ya zo zagaye na tambaye shi: da na zo tun ɗaya da rabi fa? Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba. Irin wannan faɗuwa wani lokaci cikin awa guda take gamawa da ɗa. Abin da ya sani shi ne, da na kai safiya a ajin nan, da tare za a binne mu.

Awa biyun nan da na kwanta ƙarƙashin allo nawa ne. Ban ɗora wa Iya ba, ban ɗora wa Inna ba. Na ɗauka, ina kuma ɗauke da su. Amma iyakar abin da zan ɗauka ke nan. Da safiyar nan ɗana ya cika gomansa kafin bakwai da kwata. Lafiyarsa lau. Ina zaune a inuwar rumbun ubana da littafi a cinya. Waɗanda suka tashe ni daga wurin, su suka kashe shi, ko da ba su taɓa ganin fuskata ba.

Masu zuwa gaisuwa suka ce ba rabo ba ne, Allah Ya sa mai ceto ne, yarinya ce ni, wani na tafe. Na amsa da amin. Liman ya yi bayani cewa wanda bai yi kuka ba ba a yi masa salla. Ban yi musu ba, ba fagena ba ne. Amma na raɗa masa suna, Yusufa, kuma ina faɗinsa. Ina faɗinsa a gaban Baba. Ba ya amsawa, ba ya kuma hana ni.

Na rubuta jarrabawata da ɗinki a cikina, a kujerar baya, kusa da ƙofa. Bayan na yi arba'in na koma ƙauye. An sake kafa dangar. Baba ya tumɓuke turakun awakin duka ya mayar da su gaban gida. Mutane sun yanke dawarsu. Ba wanda ya bar garin sai gida biyu.

Ina can wasu mutane suka zo rubuta asara. Suka zauna a ƙofar mai unguwa da takardu. Suka rubuta shanu, suka rubuta rumbuna, suka rubuta mamata uku. Na sa hijabi na je. Wannan karon ba wanda ya ce in koma cikin mata. Na ce wa mai rubutun akwai na huɗu. Ya saurare ni har na gama, cikin mutunci. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce babu gurbin wanda ba a haifa ba. Na ce to. Na dawo gida na fara rubuta wannan.

Buba, mai kiwon shanun gari, wanda ya ƙi sakin sandarsa. Malam Isiyaku mai gyaran keke, a ƙofar rumfarsa. Talatu matar Ɗanjuma, a bakin rijiya, guga na hannunta. Yusufa, ɗana, a gonar dawa, bayan sha biyu saura minti goma.

Huɗu ne.